Kwalba Mai Launin Albasa

Shekara talatin da ɗaya na yi ina buɗe ƙofar ruwa ina rufewa a kanal ɗin da ya ratsa gonakin bayan Kura, saboda haka in dai maganar ruwa ce ban ɗauka akwai mai koya mini komai ba. Na san ruwan da zai kai gonar ƙarshen layi da wanda zai maƙale a hanya. Manomin da ya sa tiyo ya ja ba ranar rabonsa ba, tun daga yadda zai gaishe ni nake gane shi. Sai ga shi bayan na ajiye aiki 'yar cikina ta zo ta girke mini ruwan da bai fi cikin randa biyu ba a falona, ya mai da ni ɗalibi, ɗalibin ma na bencin baya.

Ita ce 'yar farina, ita ce kuma autata, domin Allah bai ba mu wani ba bayanta. A gidan da na tashi ba a kiran sunan ɗan fari, ba a zama hira da shi, ba a nuna an damu da shi. Uwarta Indo, wadda ita ce ma ya kamata ta fi ni wannan kunya, tun yarinyar tana aji uku ta watsar da abin. Ta ce guda ɗaya gare ta, ba za ta yi ta kallon bango ba alhali 'yarta na tsaye. Ni kuwa na riƙe har ya zame mini jiki. In ina son sanin ko ta ci jarrabawa, Indo nake tambaya. In ta yi zazzaɓi, a ƙofar ɗaki nake tsayawa in ce yaya mai jikin. Da ta sami aiki a Legas, a wata cibiya mai binciken kifin teku, su biyun sukan kwashe awa guda a waya, ni ina gefe na kara rediyo a kunnena, alhali a kashe take.

Indo ta rasu cikin azumi. Aka share makoki, kowa ya watse, yarinyar ta koma bakin aikinta, sai wayar ta dawo kaina. Duk Juma'a takan kira.

"Baba, an wuni lafiya?"

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

Daga nan sai mu yi shiru, ina jin numfashinta tana jin nawa, har ɗaya ya ce to sai an jima. Ita ma 'yar ubanta ce, ba ta iya fara magana in babu dalili. Kewarta nake ji kamar me, amma ban san ta inda ake faɗa ba.

Da Babbar Sallah ta zo da wani akwatin gilashi a bayan mota, an naɗe shi da bargo. Ta sa aka ɗora shi a kan teburin da keken ɗinkin Indo yake a da. Ta zuba farin yashi, ta jera wasu duwatsu masu huji-huji kamar gidan gara, ta kwaɓa wani gishiri da ta zo da buhunsa cikin ruwan leda, ta cika akwatin. Ta haɗa ɗan inji da batirin solarmu, ruwa ya fara zagayawa yana bi ta cikin wani farin soso yana dawowa. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallo kamar baƙo.

Na ce, "Ina kifin?"

"Ba yanzu ba, Baba. Sai ruwan ya zauna. In aka saka su yanzu mutuwa za su yi."

Ta yi mini bayani tana aikinta, ba ta ɗago ba. Ta ce kifi a ruwan da yake numfashi yake kashi, ƙazantar ta zama guba. A teku ruwa da yawa, ba komai, a akwati kuwa sai an sami wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su riƙa cinye gubar. Iri ɗaya su cinye gubar farko su mai da ita ta biyu, wadda ake kira naitirait, wani irin kuma ya cinye naitirait ɗin. Na biyun nan ba sa saurin yaɗuwa. Ta jefa busasshen jatan lande guda ɗaya a ciki, ta ce ya ruɓe ya zama abincinsu. Wannan duk na gane. Sauran bayanin ya wuce ni, domin a lokacin hannuwanta nake kallo, yadda take karkaɗe ruwa daga yatsu sak irin na uwarta.

Sannan ta ba ni aikina. Ga 'yar kwalba mai layi, ga maganin ɗigawa, ga kati mai launuka. Kullum da safe in ɗebi ruwan akwatin zuwa layi, in ɗiga magani biyar, in girgiza, in jira minti biyar. In ya koma shunayya, irin launin ɓawon albasa, naitirait na nan. In ya tsaya shuɗi mai haske, an gama. In ɗauki hoto in tura mata. In ruwa ya ja baya in ƙara ruwan leda, ban da gishiri. Ban da wannan kada in taɓa komai.

"Sati huɗu, in ya daɗe shida," ta ce. "Ranar da ya yi shuɗi, da kaina zan kawo maka kifin."

Da kaina. Wannan kalmar kaɗai na ɗauka na sa a aljihu.

Sai ga mu muna magana kullum, ni da ita. Bayan na dawo daga masallaci gari ya yi haske, in ɗebi ruwa, in ɗiga, in zauna in ƙura wa kwalba ido. In tura hoto. Kafin in gama shan koko wayar ta yi ƙara. Kwanakin farko shuɗi yake fitowa, har na fara murna, ta ce wannan ba shi ba ne, ba a ma fara ba. Rana ta tara ya koma albasa, ta yi ta murna kamar an yi mata albishir. Daga maganar kwalba sai a gangara. Ta tambayi ko an fara dashen shinkafa, in ce an fara, ruwan sama ya sauka sosai a Bunkure. Ta ce a Legas ma jiya sai da ta cire takalmi ta tsallaka titi. Wata rana muka yi minti goma sha ɗaya. Na duba a fuskar wayar na gani da idona.

Maƙwabcina Usaini, mai noman tumatir da rani da shinkafa da damina, ya leƙo ya ga akwatin. Ya zagaya shi sau biyu, ya tsuguna ya leƙa ta ƙasa.

"Malam Badamasi, me ake kiwo a nan?"

"Ruwa."

"Ruwa?" Ya cire hula ya sosa kai. "Ga kanal can yana ambaliya, tarwaɗa har a gonata nake tsinta. Ka ce in kawo maka biyu ka zuba mana."

Na ce wannan ruwan teku ne, tarwaɗarsa ba ta da takardun shiga. Ya fita yana dariya, kafin la'asar duk majalisar bakin injin casa ta san Badamasi ya yi ritaya daga tsaron ruwan gwamnati ya koma tsaron nasa. Ban damu ba. Su suna da gidaje cike da mutane, ni abin da ke motsi a gidana in ban da ni sai wannan ruwa. Ƙanwata Tambaya takan aiko da tuwo da yamma, ranar da ta sami sarari ta kawo da kanta ta ɗan zauna, shi ke nan.

A sati na biyu wani abu ruwan ƙasa ya fara bin jikin duwatsun, soson nan fari ya koma kamar an tace kunu da shi. Na sa yatsa na ji santsi. Raina ya ɓaci. A aikina, gansakuka da laka su ne abokan gaba. Kanal in ya yi santsi ya toshe, rufe ƙofa ake yi a yashe shi, a bar rana ta gasa shi, sannan a sako sabon ruwa. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa ganin ruwan da ya gyaru don an bar dauɗarsa ba. Na ce a raina, to ga abin da ya hana kwalba yin shuɗi, ita tana can nesa ba ta gani. Ta ce kada in taɓa komai, amma na ɗauka nufinta kada in kwance waya ko in ɓata inji. Ban ɗauka tsafta tana cikin taɓawa ba.

Ranar Juma'a da hantsi na kashe injin, na fito da duwatsun ɗai-ɗai, na sa buroshi na goge su tas a bakin rijiya. Soson na wanke shi har ruwa uku, na matse. Na shanya su a kan kwanon rufin ɗakin girki, da na dawo daga masallaci sun bushe ƙayau, farare kamar ranar da aka kawo su. Na mayar da kowa mazauninsa. Na ji daɗi ƙwarai, har na yi tunanin yadda za ta yi mamaki in ta ga ruwan ya riga lissafinta.

Haka na riƙa yi duk Juma'a, ban gaya mata ba. Kwalba kuwa in ta ɗan yi haske kwana biyu, sai ta koma albasa, wani lokacin ma ta fi da duhu. Sati huɗu ya wuce, shida ya wuce. Shinkafar da aka dasa lokacin da ta zo har ta rufe ruwan fadama, ni ina nan jiya i yau. Ta fara damuwa. Ta tambayi ko ruwan rijiya nake ƙarawa, don takin gonaki yana iya gangarawa rijiyoyinmu. Na ce Allah ya kiyaye, na leda ne. Ta tambayi ko injin yana tsayawa in batir ya yi sanyi. Na ce ko sau ɗaya.

A cikin wannan tsakanin ne ta gaya mini ɗayan labarin. An ba ta gurbin ƙaro karatu a ƙasar Nowe, shekara uku, tafiya ƙarshen Satumba.

Na ce, "Madalla. Allah ya sa albarka."

"Amin, Baba. Hutun kwana uku kawai suka ce za su ba ni kafin in tafi, sau ɗaya. Ina so in haɗa shi da kawo kifin."

Abin da ya kamata in ce a nan na san shi sarai. In ce ki bar kifin nan ki taho gobe, ni ke nake son gani. Ya zo har bakina. Abin da ya fito shi ne, "To, duk yadda kika gani."

A sati na bakwai asirina ya tonu. Ta ce in juya wayar in nuna mata akwatin gaba ɗaya, ta gani da idonta. Na juya ina taƙama.

"Baba, me ya sa duwatsun suke fari haka?"

"Wankewa nake yi."

"Wankewa?"

"Duk Juma'a. Da soson. In shanya su su sha rana."

Na ji ta ja numfashi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. A hankali ta ce santsin nan da nake gogewa, su ne ƙwayoyin da muke jira. A jikin dutse da soso suke zama, ba a cikin ruwa ba. Duk Juma'a ina kashe su, duk Asabar ana komawa farko.

"Ai na faɗa maka ranar nan, Baba."

"Kin faɗa," na ce. Ban iya gaya mata inda hankalina yake ba lokacin da take faɗar.

Da na ajiye wayar na yi lissafi da yatsu. Da na bar abin nan yadda ta ce, da tuni ta zo ta koma. Da hannuna da buroshina na ture zuwanta sati biyar. Kunya ta kama ni, haushin kaina ya fi kunyar. Na ɗauki buroshin na wurga shi bayan katanga, ya faɗa gonar Usaini.

Ta ce in sake jefa jatan lande ɗaya, sannan in naɗe hannu. Wannan ne aiki mafi wuya da aka taɓa ba ni. Ina zaune ina kallon santsi yana dawowa jikin duwatsu, hannuna yana ƙaiƙayi. In na gaji da zama sai in fita in bi gefen kanal har ƙofar da na yi wa tsaro. Wanda aka sa a wurina yakan tashi ya gaishe ni da ladabi, sannan ya rasa abin da zai ce mini, ni ma haka. Masu korar tsuntsu suna ta ihu a gonakin da shinkafarsu ta fara fitar da kai. In dawo in tarar da ruwa yana zagayawa a falo, shi kaɗai, babu kowa a ciki.

Satumba ta kama. Kullum albasa. Ta ce gubar farko ta tafi, wannan alama ce mai kyau, saura naitirait ɗin, kuma shi haka yake, sai ya yi kamar ba zai sauka ba sannan rana ɗaya ya faɗi. Ta ce bari mu ƙara sati ɗaya. Satin ya cika, ta ce bari mu ƙara wani. Ni kuwa na san yadda kwanakin ƙarshe na mai tafiya suke, kowa yana yagar rabonsa har ba abin da zai rage. Tsoro ya shige ni na gaske, cewa yarinyar nan za ta tsallaka teku shekara uku ban sa ta a ido ba, ni da shekaruna sittin da bakwai da hawan jini.

Ranar Talata, saura kwana goma sha uku tafiyarta, na ɗiga magani na jira minti biyar. Albasa, ko da yake ta ɗan yi haske. Na daɗe ina juya kwalbar a hannu. Ledar ruwan da nake ƙarawa tana nan a gefen tebur. Na zubar da na kwalbar, na ɗauraye ta, na cika ta da ruwan leda zuwa layi, na ɗiga biyar. Shuɗi ya fito garau. Na riƙe ta yadda na saba, na ɗauki hoto. Ni da na sha kama manoma da satar ruwa ina yi musu wa'azi, ko gezau ban yi ba.

Ko minti ɗaya ba a yi ba ta kira.

"Baba! Ya faɗi! Ban ce maka ba? Alhamdu lillahi!"

"Alhamdu lillahi," na ce.

"Gobe ma ka gwada, in ya tsaya haka, Asabar ina hanya in sha Allahu."

Washegari ma na gwada, da ruwan leda. Abin da na shirya a raina shi ne, in ta iso ta huta ta ci abinci, sai in gaya mata gaskiya. Ita gwana ce, tana wurin za ta san yadda za ta yi da kifinta. Ta yi fushi in ta ga dama, ai a gabana za ta yi shi.

Na aika wa Tambaya, ta zo Juma'a ta share ɗakin yarinyar ta yi turare, tana ta surutu.

"Yaya, kai ma dai. 'Yarka za ta zo kana yi kamar gwamna za ka tara."

"Ke dai ki canza zanen gadon."

Na je injin casa na zaɓo shinkafa mai kyau, na sa aka yanka kaji biyu. Asabar tun da safe Tambaya ta ɗora tukunya, ni kuma na sa wankakkiyar riga na fito da kujera ƙofar gida, wai ina shan iska. Wayar na bar ta a ɗaki tana caji. Duk a-daidaita-sahun da ya shigo layinmu sai na miƙe.

Bayan azahar wata ƙaramar mota ta tsaya. Direban ya fito, ya zagaya ya buɗe ƙofar baya. Na leƙa. Babu kowa a kujerar, sai wani farin akwati mara nauyi, an ɗaure shi da salatif.

"Sannu Baba. Nan ne gidan Malam Badamasi? Sunana Nasiru. Anti Mubina ce ta ce in karɓo wannan a filin jirgi in kawo maka. Ta ce kada ya sha rana."

"Ita fa?"

"Ai ba ta zo ba, Baba. Ta ce ta yi ta kiranka ba a ɗauka, ta bar maka saƙo."

Na karɓi akwatin, na yi masa godiya, na ce ya shigo ya ci abinci tunda ga shi an dafa. Ya ce yana sauri. Na shiga falo na ajiye, na ɗauko wayar. Kira shida, da saƙon murya ɗaya. Ta ce an matso da tafiyarsu kusa, Laraba mai zuwa za su tashi. Yau ɗin nan gwajin asibiti, Litinin karɓar fasfo, hutun ya rushe. Tun daren jiya ta sani, ta rasa yadda za ta faɗa mini. Ta ce amma ba ta so in yi ta jira a banza bayan duk wahalar da na sha, tunda ruwa ya yi kyau ga kifin nan ta sako su a jirgin safe. In sa ledar a kan ruwan akwatin minti ashirin, sannan in sake su.

Tambaya tana tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta ji komai. Ta ce, "Ikon Allah," ta koma wurin tukunyarta, na ji tana jan hanci.

Na yanke salatif ɗin. Leda ce a kumbure da iska, ruwa kaɗan a ƙasa, da kifi biyu da ba su fi babban yatsana ba, ruwan lemo da farin zane uku-uku. Suna ta kaɗa jiki a wuri ɗaya. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba, kuma ban taɓa jin na tsani abu haka ba. Na ɗebi ruwan akwatin na gaskiya na gwada, ko Allah zai rufa mini asiri. Albasa.

Ina iya sake su in yi shiru. In sun mutu in ce wahalar hanya ce, tana can Nowe ba za ta taɓa sani ba. Na yi wannan tunanin, ba zan ɓoye ba. Na ɗauki hoton kwalbar yadda take, na tura, sannan na kira.

"Baba, sun iso? Ka yi haƙuri don Allah, wallahi na so…" Sai ta tsaya. Ta ga hoton. "Wannan na yaushe ne?"

"Na yanzu."

"To na Talata fa? Da na Laraba?"

"Ruwan leda ne."

Na ji hayaniyar asibitin da take, ana kiran lambobi.

"Me ya sa, Baba?"

"Kin ce da kanki za ki kawo su."

Shi ke nan abin da na iya, kuma a wurina ya yi yawa. Ita kuwa sai ta kama maganar aiki. Ta ce in ɗauko bokiti biyu masu tsabta, in kwaɓa sabon ruwa da gishirin da ta bari, ta faɗa mini awon. In bar shi ya narke sosai, in zuƙe rabin na akwatin in zuba sabon, sannan in sake su. Daga yau kullum sai an canza kashi ɗaya cikin huɗu, a gwada safe da yamma, abinci ɗan mitsitsi sau ɗaya, har ruwan ya zauna da gaske. Sati biyu, wataƙila uku. In aka yi fashin kwana biyu ƙazantarsu za ta taru ta kashe su.

Ina riƙe da waya a kafaɗa ina yaga ledojin ruwa cikin bokiti, sai na ji bakina ya ce, "Ko in taho Legas ɗin? In na hau motar gobe, Litinin ina can."

Ban taɓa ce mata irin wannan ba. Na tsaya da leda a hannu, ruwa yana zuba mini a ƙafa.

Ta ce, a hankali, "Wa zai canza musu ruwa, Baba?"

Na san muryar nan, tawa ce. So take in ce su mutu mana, kifi ne. Tana jira in faɗa, ina jira ta ce in taho duk da haka. Aka kira lambarta a can, na ji an maimaita sau biyu.

Na ce, "Gaskiya ne. Kifin."

"To, Baba. Ana kirana."

"To. Allah ya kiyaye hanya."

Ranar Laraba da hantsi, lokacin da ta ce jirginsu zai tashi, ina durƙushe a falo da tiyo a baki ina zuƙo ruwan gishiri cikin bokiti. Kifin nan biyu suna nan da ransu har yau, sun ma yi ƙiba. Ban taɓa son su ba, kuma ban taɓa fashin ba su abinci ba.